Rasuwar Madam Purje, Kwamfutar Shagon Abdulmajid Tela

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, Abdulmajid Tela na bakin kasuwar Dogon Dutsi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda suka ci arzikin suka shafe baki, rasuwar kwamfutarsa Madam Purje. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a kan teburinta, kusa da keken ɗinki.

Marigayiyar ta fara rayuwa a ofishin wani purje, wato shirin tallafi, na haƙar rijiyoyi, inda ta yi ƙuruciyarta tana buga rahoto da Faransanci. Da purjen ya tashi aka yi gwanjonta, Abdulmajid ya ɗauko ta a amalanke, wai zai riƙa nuna wa mata samfurin ɗinki. Har ta koma ko zanen hannun riga bai shiga cikinta ba. Abin da ya tarar a ciki wani tsohon wasan harbi ne da wani ma'aikaci ya ɓoye wa shugabansa, irin wanda ba ka ganin kanka sai bakin bindigarka, kana ratsa lunguna dodanni suna faɗo maka.

Ranar da aka gano wasan, saura kaɗan Abdulmajid da amininsa Yazid mai sayar da taya su ba hamata iska a kan wa zai fara. Daga ƙarshe suka raba aiki. Abdulmajid ya riƙe maballan tafiya, Yazid ya riƙe linzaminta da ake saiti da harbi da shi, ɗaya ya zama ƙafa ɗaya bindiga. Wani malamin makaranta daga Dumega ya taɓa gaya musu cewa mutum ɗaya ke yin duka biyun. Suka yi masa dariya, suka ce ko a gona mai sara daban, mai zuba iri daban. Haka suka yi fiye da shekara goma a benci guda, har ta kai Yazid ba ya cewa hagu ko dama, gwiwar hannunsa kawai za ta motsa Abdulmajid ya karya kwana. Matasa su cika ƙofar shago suna kallo, ɗinkin mutane yana jiran ranar da Allah ya nufa.

An shaidi marigayiyar da natsuwa. Idan aka kunna ta sai ta ce tit, ta yi ƙurrr, ta ba ka lokacin da za ka hura gawayi ka dafa shayi kafin ta buɗe ido. Ta sha mari a gefe ba ta taɓa ramawa ba. Ta sha ƙazafi kuma, domin gwaggon Hamsatu, matar mai shagon, ta zo daga Matankari ta leƙa allon sau ɗaya, ta ce wannan akwatin doguwa ce a ciki, ko a ba ta akuya ko a fitar da ita. Ba a ba ta akuya ba, ba ta kuma kama kowa ba sai mijin Hamsatu.

Ciwon ajalinta daga nesa ya taso. Can inda aka ƙirƙiro wasan, waɗansu marasa aikin yi suka ga bai kamata tsoho ya mutu a ɗakinsa ba. Suka fara sauya masa gida zuwa akwatunan wasa na talabijin, abin bai dami kowa a nan ba, don masu irin wannan akwati a garin ba su cika tabarma ɗaya ba. Sannan suka matse shi, dodanninsa da lungunansa duka, suka cusa a salula. Yazid ne ya fara kawo shi shago, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Babban yatsan hagu na tafiya, na dama na harbi. Abdulmajid ya matso ya ce, "To ni ina zan kama?" Yazid bai ɗago kai ba ya ce, "Kai ma ka sa a taka mana, Tela. Yanzu kowa da ƙahwatai," wato kowa da ƙafarsa.

Ya sa a tasa, ya gwada. A nan aka gano cewa bawan Allah ya yi shekara goma cikin yaƙi bai taɓa harba harsashi ko ɗaya ba. Gudu kam babu na biyunsa, ya san kowane lungu da kowace ƙofar ɓoye, amma in dodo ya tsaya a gabansa sai ya tsaya shi ma, yana jiran gwiwar hannun da ba ta nan. Matasa suka watse, kowa ya koma gindin bangonsa da dodanninsa a tafin hannu. Duk la'asar Abdulmajid yakan kunna Madam, ya zauna a gefensa na benci, ya zagaya lungunan har a kashe shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma bai ɓoye ba.

Ranar Talata sai ga Yazid, bayan an daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Abdulmajid ya ture wandon da yake ɗinki, ya kaɗe benci da hularsa, ya kunna marigayiya. Tana cikin ƙurrr ɗinta Yazid ya ce, "Batir ɗina na shirin mutuwa, ina tsakiyar wani mataki na wasan." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya zare wayar wutarta ya jona cajarsa. Ta ce ƙit. Mai gyara ya duba ya ce abin da ke riƙe ƙwaƙwalwarta ya tafi, kuma irinsa sai dai a tambayi gidan tarihi. Yazid ya jira cajinsa ya cika, ya yi ta'aziyya a tsaye, ya wuce.

Ta rasu ta bar allo mai ƙatuwar ƙeya, da maballai waɗanda huɗu daga cikinsu suka goge har ba a gane harafinsu, da linzami ɗaya maraya. Ta bar jikoki a aljihun kowane saurayi daga nan har Tibiri, ba wanda ya taɓa zuwa duba ta.

Za a yi rakiyarta ranar Juma'a bayan la'asar, daga shago zuwa rumfar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Babu zaman makoki, domin Malam Luƙman na masallacin layin ya ce ko mutum bai yarda a yi masa sadakar bakwai ba, balle ƙarfe. Masu zuwa gaisuwa su sani an naɗe wayar da ke kawo wuta shagon an kai gida, kada kowa ya wahalar da kansa da ɗauko caja.

Gawar tana da nauyi, sai mutum biyu. Abdulmajid zai kama gefe ɗaya. Hamsatu ta ce za ta kama ɗayan, mai gyara ma ya ce zai kama, duk Abdulmajid ya hana, ya ce wurin da mai shi. An yi ta kiran Yazid tun Laraba bai ɗauka ba, ko da yake duk wanda ya bi ta shagon taya ya ga salular a hannunsa. Wanda ya riga isa can ya gaya masa ba za a ɗaga ta ba sai ya zo.