Yadda Za Ka Mayar da Zarton Aro Bayan Kirya Ta Cinye Haƙoransa

Kai da ka ari zarton Baba Nata'ala, kafintan unguwar Zaitawa, wanda jirgin ƙasa ya kawo masa daga Ikko, ka je ka kafa shi a busasshiyar kirya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka gurbin da ya ce zai ba ka a rumfarsa ba zai kuɓuce maka ba.

1. Gane laifinka, amma a zuci

Ka saba da rimi, itacen da ko wuƙar yanka albasa tana shigarsa, sai ka ɗauka duk itace ɗaya ne. Kirya kuwa in ta bushe ƙanwar ƙarfe ce. Kai kuma, gwanin gwanaye, ka yanka ta a karkace, daidai kan ƙulli, kana dannawa da duk tuwon da ka ci. Kada ka faɗa wa kowa wannan.

2. Sauya gari

Garin kirya ja ne, na rimi fari. Kakkaɓe jan tsaf, ka barbaɗa farin a 'yan haƙoran da suka rage. Shafa man gyaɗa ya danne ƙaurin ƙuna.

3. Zaɓi lokaci

Jira sai zaurensa ya cika da baƙi. Dattijo ba ya duba kayan aro a gaban mutane, kunya ba za ta bar shi ba. Allah Ya yi wa kunya albarka, ta rufa wa ragwaye asiri da yawa.

4. Ja gaisuwa

Durƙusa, ka tambayi iyali, gajiya, har akuyar gidan. In ya ce, "Me ka yanka ne, Tanko?" ka ce, "Ɗan rimi ne, Baba, ɗanye sharaf." Kada ka kalli zarton.

5. In ya shafa bakin zarton da yatsa

To, nan ilimina ya fara ƙarewa. Wataƙila ya juya zarton, ya ce, "Madalla. Sauran rimin nan naka ka kawo min gobe, uwar ɗakinka tana neman taɓarya." Baƙi za su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Ka ce to, ka nemi takalmanka.

Gargaɗi: ni dabara na koyar, ban ce Baba Nata'ala makaho ba ne. Wanda ya rasa rumfa kada ya doso ƙofata, kuma zartona ba na aro ba ne.