Agogon da Ke Kawo Saƙon Sailuba Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu da ya zama wayam, ni Malam Babandi na Bukan Sidi, tsohon malamin tarihi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogona, wadda ta faru ranar Talata da hantsi a kan teburin Baffa mai gyaran agogo, cikin kasuwar Lafiya. Ya rasu yana da shekara tara. A danginsu wannan tsufa ne tukuf, domin kamfanin da ya ƙera shi ma ya riga shi mutuwa.

Marigayin ya zo gidanmu a aljihun ɗana Luƙman, wanda ya saba aiko da na'ura a duk inda ake bukatar ya zo da kansa. Yana daga cikin na farko-farkon agogunan da ake haɗawa da waya: baƙi, mai kusurwa huɗu, fuskarsa ba launi sai fari da baƙi kamar shafin jarida. Shi kaɗai ba ya iya komai sai faɗin lokaci. Sai an ɗaura masa aure da babbar waya, ni kuwa tawa ƙarama ce mai tocila. Don haka aka haɗa shi da wayar matata Sailuba, ni na ɗaura agogon, ita ta riƙe wayar, kowa ya ɗauka wani ne zai gyara wannan shirme daga baya. Ba a gyara ba.

Yana da sharaɗi guda: kada a yi nisa da wayar fiye da taku goma sha biyu. Da an wuce haka sai ya yi dirr sau ɗaya, ya kama bakinsa. Wannan sharaɗi ne ya fitar da ni daga ɗakin littattafai bayan na yi ritaya, ya zaunar da ni a kan benci a rumfar Sailuba, inda take sayar da riɗi da agushi. Wayarta na ƙasan jaka, hayaniyar kasuwa ba ta barin ta ji, hannuwanta na cikin mudu. Ni ne nake duba hannuna in ce mata manomin Kwandere na kira, ko mai keke ya iso da buhuna. Shekara talatin da biyar ina koyar da tashin dauloli da faɗuwarsu, na ƙare a sakataren mai agushi. Ban taɓa riƙe muƙamin da ya fi shi ba.

Ana shaidar marigayin da ƙana'a. Caji ɗaya yana kai shi mako, a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Rana tsaka ana karanta fuskarsa ba sai an kare da tafin hannu ba. A bayan acaɓa ba sai an zaro waya ɓarawo ya gani ba. Ba ya ringin a masallaci. Yana ƙirga takun mutum ba tare da ya faɗa wa kowa sakamakon ba, halin da ban samu a wurin likitana ba.

Da ciwo ya kwantar da Sailuba, shekara huɗu ke nan, ta shafe makonninta na ƙarshe tana danne-danne a waya. Na yi mata faɗa, ta ce in bar ta, aiki take. Bayan an yi sadakar bakwai ɗinta, da safe, agogon ya yi dirr-dirr. Na duba: "Sha maganinka." Ashe tunatarwa ta jera mini, wasu na kullum, wasu na shekara, wasu kuma ta jefa su can gaba inda ban san ranarsu ba. Dirr-dirr: "Damina ta kusa, a duba rufin ɗakin littattafai." Dirr-dirr: "Yau aka haifi Rabi'a. Ka kira ta, ban da lacca." Shekara biyu cur da rasuwarta ya kawo mini wannan: "Malam, in za ka ƙara aure ka ƙara, amma ka fara yin aski." Na yi askin.

Gilashin wayar ya mutu tuntuni, baƙi ƙirin, amma tana numfashi. Yaran gyaran waya sun ce in za a canja gilashi sai an kashe ta, in ta tashi kuma za ta nemi lambar sirri, lambar kuwa tana kabari. Saboda haka shekara huɗu ban bar ta ta mutu ba ko sau ɗaya. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, maƙwabcina Aondoakaa ne ke ba ni soket a solarsa, yana cewa in kawo Madam ta ci abinci. Agogon ne kaɗai tagar da nake leƙa ta.

Ciwon ajalinsa kumburin batir ne. Bayansa ya ɗago, caji ya koma na yini ɗaya, sannan na rabin yini. 'Yata Rabi'a ta ce in jira ta zo daga Abuja ta kai shi wurin waɗanda suka san irinsa. Ban jira ba. Na ce agogo ai agogo ne, kuma Baffa ya gyara kowane agogo da na ɗaura tun ina saurayi, ba zan miƙa amanata ga masu kirana "Dadi" suna taunar cingam ba. Baffa ya sa gilashinsa a ido ɗaya, ya juya agogon, ya nemi murfin da ake kwancewa bai samu ba, ya sa bakin wuƙa kamar yadda ya saba. Na ji ƙas. Ya daɗe yana kallon cikin, sannan ya ce shi dai bai ga inji ba, bai ga ƙafar da ke juyawa ba, wannan ba agogo ba ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya makara da minti ɗaya. Ban riƙe shi da komai ba. Ni na kai.

Marigayin ya bar waya ɗaya, makauniya, tana takaba a aljihun rigata. Ya bar igiyar caji da ba ta shiga jikin kowa sai nasa, da farin zobe a fatar hannuna wanda nake dubawa sau hamsin a yini. Ya bar ni.

Wayar ba ta san ya mutu ba. Tana ci gaba da motsi a ƙirjina. Na bakwai na safe na san shi, magani ne. Amma jiya Juma'a, sha huɗu ga wata, ƙarfe goma da kwata, ta yi motsin da ba na kullum ba. Na sha maganin da na riga na sha. Na kira Rabi'a, na kira Luƙman, har ya tambaya ko lafiya. Na hau tsani na duba rufi. Na taka har rumfar Sailuba, wadda yanzu wata ke sayar da robobi a ciki, na tsaya kamar mai jiran canji, na dawo, na sake fita. Ban san abin da ta ce ba.

Ba za a yi masa sallah ba. Addu'a ta Sailuba ce, Allah Ya jiƙanta. Za a naɗe shi a ɗankwalinta, a sa shi a durowa kusa da tabarau ɗinta da mudunta. Za a yi haka gobe Lahadi da zarar wayar ta motsa, domin ita ce ke sa lokaci a gidan nan. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Kada a kawo sabon agogo, ba hanyar haɗa shi da ita. Kada a cire abin da aka gani a soket. Wanda kuma ya san abin da sha huɗu ga wannan wata yake nufi a wurin Sailuba, don Allah ya riga kowa zuwa.