Daudawar Inna a Injin Wankin Tanti

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da na fara lura da shi ranar da na sauka gidan Tanti Hadiza a Dogon Dutsi shi ne hancin ƴarta Nafisa. Ta karɓi jakata da fara'a, ta yi mini sannu da hanya, sai na ga gefen hancinta ya motsa sau biyu kamar na zomo. Ni dama ba mai magana ba ce, kallo ne aikina.

Na san abin da ta shaƙa. A ƙasan jakar akwai daudawar batso curi goma sha biyu, ƙunshe cikin shuɗin kallabin Inna. Damina ba ta yi mana kyau ba a ƙauyenmu na wajen Geceme, ɗan gurguzun yakuwa da Inna ta samu shi ta dafa, ta daka, ta rufe kwana da kwanaki har ya yi. Ba ta gama shan rana ba tafiyata ta taso. Inna ta ƙulle ta haka nan, ta ce in ba ƙanwarta Tanti hannu da hannu, in ce ta ƙara shanyawa. Tanti da mijinta ne suka yarda su riƙe ni in yi lise, wato babbar sakandare, bayan na ci jarrabawar birbe, kuma a wajenmu ba a tura ɗiya gidan riƙo hannu rabbana.

Amma gidan Tanti ƙamshin turaren wuta yake yi da sabulu. Na dubi farin tayil, na dubi ƙafafuna, na tuna hancin nan. Da Nafisa ta zagaya da ni ta nuna mini injin wanki a barandar baya, mai rami biyu, babba na wanki, ƙarami na matse kaya. Ta ce ƙaramin ya lalace tun bara, shi ya sa aka manne murfinsa da salatif. Tana shiga ɗaki na ɓare salatif ɗin, na cusa ƙunshin, na mayar na danne da babban yatsa. (A lokacin har ina jin na yi dabara.)

Da rana muna cin abinci Tanti ta tambaye ni, "Yaya ba ta ba ki saƙo ba?"

Na ce, "Ta ce in gaishe ki."

"Gaisuwa kaɗai?"

Na gyaɗa kai. Ta ture kwanonta gaba kaɗan. A kantar kicin na ga wani gwangwanin madara wankakke, babu komai ciki, murfinsa a gefe. Na lura da shi kamar yadda nake lura da komai, ban fahimci komai ba.

Niyyata in fitar da ƙunshin washegari. To in kai shi ina? In ba Tanti, na zama maƙaryaciya. In zubar, abin Inna ne. Kullum sai in ce gobe. Ranar Lahadi aka yi wanki, ruwan ɗauraya ya malala ta gefen murfin ya shiga ƙaramin ramin. Zafin watan Oktoba ya ƙarasa sauran aikin.

Ranar Laraba barandar ta fara wari. Ba warin batso ba ne kuma, da Tanti ta gane shi tun daga ƙofa. Wani abu ne dabam, kamar rijiyar da akuya ta faɗa ciki aka yi sati ba a sani ba. Mijin Tanti, wanda muke kira Tonton, ya ce ɓera ne ya mutu a ƙarƙashi. Aka ja injin, babu ɓera. Tanti ta cika babban ramin da ruwan zafi da jabel, maganin nan mai sa kaya fari, ta bar shi yana juyawa babu kaya. Washegari ta sa binegar. Ta sa lemun tsami, ta sa kanwa. Ta zare ƴar ragar da ke tace datti ta ba ni tsohon burushin haƙori, ni na durƙusa na goge ta tas, fuskata taku ɗaya daga salatif ɗin. Har Tanti ta yaba mini, ta ce ina da tsabta.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta shaƙa, ta ce wannan ba aikin sabulu ba ne, iska ce ta samu wurin zama, a nemo masu bori. Tanti ta yi ta istigfari har tsohuwar ta fita, amma na ga ta turara injin da habbatussauda bayan la'asar.

Warin ya bi kaya. Tonton ya dawo daga masallacin Juma'a ya cire farar rigarsa tun a zaure, ya ce mutumin da ke damansa a sahu ya yi ta tari har aka sallame. A aji, yarinyar da muke benci ɗaya ta matsa can ƙarshe, rabin jikinta a iska. Nafisa ce ta faɗi gaskiya ba tare da ta sani ba. Ta ce ita dai ta lura tun zuwan wasu abin ya fara. Tanti ta ajiye ludayi ta ce ta maimaita. Ta yi mata faɗan da ban taɓa jin irinsa ba, ta ce jinin da ke jikina shi ne a jikin Nafisa, ita Tanti ma a bukka aka haife ta, kuma sai da ta sa Nafisa ta ba ni haƙuri. Na karɓi haƙurin. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ranar Asabar ta uku aka kira mai gyara, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Matan unguwa uku suna zaune a barandar, sun zo kitso. Ya duba tiyon da ke zubar da ruwa, ya shinshina, ya tambaya me ke cikin wannan ramin. Tanti ta ce babu komai, shekara guda ke nan a rufe. Ya kai fuskarsa kusa, ya ce salatif ɗin nan an taɓa ɓare shi, ga shatin yatsa. Ina tsaye da butar shayi.

Ya ɗaga murfin. Matan suka watse da kitso rabi, ɗaya har da takalmi a hannu. Ya sa sanda ya ɗago abin, yana ɗiga, tsutsa na zubowa a kan tayil. Launinsa ya tafi, amma ƙullin na nan, ƙulli biyu da kunne ɗaya a waje, yadda Inna kaɗai ke yi.

Tanti ba ta toshe hanci ba. Ta matso ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ni na saya mata kallabin nan da sallar bara waccan."

Ba ta dube ni ba. Ta sallami mai gyara, ta jira matan suka fita, sannan ta zauna a bakin baranda ta faɗa mini abin da ban sani ba. Kowace shekara batson Inna take jira, gwangwanin nan nasa ne, ba ta cin na kasuwa. Da na ce babu saƙo, ta kira Inna a waya ta yi mata magana mai zafi, ta ce an turo mata ɗiya an manta da ita.

Na tambaya a hankali me Inna ta ce.

"Ta ce in yi haƙuri, bana ba ta samu yi ba."

Ke nan sati uku Inna ta sani. Sau biyu muka yi waya a cikin kwanakin, ba ta tambaye ni komai ba sai karatu da ko ina ƙoshi.

Injin dai ya warke. Jabel, ruwan zafi, da kwana uku a rana murfi a buɗe, shi ke nan. Duk wanda injinsa ya yi wari ina ba shi shawara kyauta: kafin ya sayi binegar, ya buɗe duk inda aka ce babu komai, sannan ya dubi wadda ta fi kowa ƙwazon gogewa.

A ranar da mai gyara ya zo dai Tanti ta tashi ta ɗauko leda baƙa, ta sa sanda za ta tura ƙunshin ciki a kai bola. Ni da ban taɓa roƙonta ko allura ba, na ji muryata ta fito.

Na ce, "Tanti, don Allah a bar mini kallabin. Kar a sa shi a inji, da hannuna zan wanke."