Rasuwar Teburin Fitila na Kulsum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tashin zuciya ya fi yawa a cikinta, ni Malam Garga, mai sayar da tsofaffin littattafai a unguwar Briqueterie, nake sanar da rasuwar teburin fitila na gidana. Ranar Talata aka dawo mini da gawarsa a bayan babur, a cikin buhun shinkafa, yana warin manja.

Ga wanda bai san marigayin ba: akwatin katako ne, gilashin tsohuwar taga a samansa, doguwar fitila a cikinsa. Wani kafinta a unguwar Nkomkana ya haɗa wa matata, marigayiya Kulsum, shekara ashirin da shida da suka wuce. A kansa take ɗora takarda ta kwafe zanen wuyan riga don masu ɗinkin hannu na layinmu. Bawa ne mai haƙuri, bai taɓa ƙona yadin kowa ba. Idan an kunna shi sai ya ce tik, tik, tik, ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya kama zzzz har a kashe shi.

A kusurwar hagu ta gilashin akwai awon wuyana da jan alƙalami, da rabin wani zane da ta fara don rigar sallata, ba ta ƙarasa ba. Shekara huɗu ina share gilashin nan ina kewaye wurin. Kayan sawarta an raba, sarƙoƙinta an raba. Wannan ne kaɗai rubutun hannunta da ya rage a duniya.

Jinyar ta fara ne ranar da Salwa, 'yar ƙanwar Kulsum, ta zo ta durƙusa tana kirana Kawu da muryar da ta gada a wurin innarta Kulsum. Ta ce su talatin da ɗaya ne, masu zane, babu shugaba, babu kamfani, za su yi fim na zane mai motsi. Kowa zai yi daƙiƙa goma, ya miƙa wa na gaba hotonsa na ƙarshe tare da teburin. Na ba ta da sharaɗi guda: kada a taɓa kusurwar hagu. Ta rantse.

Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne dokar aikinsu. Wai haramun ne mai bayarwa ya yi wa mai karɓa bayanin komai, don kada a gurɓata masa tunani. Salwa yarinya ce mai bin doka. Ta gama nata, ta miƙa tebur, ta yi shiru.

Wata bakwai marigayi yana yawo tsakanin unguwannin Tsinga da Mokolo kamar maraya. An zana a kansa da gawayi, an zana da kofi. Wani Abdulgaffar, na goma sha tara a layi, wanda aka shaida mini yaro ne mai tsabta, ya ga jan rubutu a kusurwa, ya ji kunyar a ce a hannunsa abin aro ya yi datti. Ya sa ruwan javel mai cinye tabo da soso ya goge shi tas. An ce har hoto ya tura wa sauran, suka yaba masa. Ta ƙarshen, Jiddah, ita kuma da yashi da manja take nata fasahar. Manjan ya bi tsagin katako ya sauka kan waya. Shaidu sun ce marigayi ya ce tik sau ɗaya.

Na je na ga fim ɗin, don in san abin da aka fanshe shi da shi. Kifi ya zama babur, babur ya zama ido, idon ya yi amai, aman ya yi rawa. Na karanta littattafai marasa kyau da yawa a rayuwata, amma kowanne aƙalla mutum ɗaya ne ya ɗauki alhakinsa. Jama'a sun tafa. A ƙarshe sunaye suka hau, har da kyanwar wani. Babu tebur, babu Kulsum.

Marigayi ya bar masu ɗinki shida da yanzu suke kwafe zane a jikin taga, da kujera 'yar tsugunno da Kulsum take zama a kai, da ni.

Ba za a yi masa salla ba, katako ne, ban haukace ba tukuna. Ranar Asabar bayan la'asar Alim mai gasa nama zai karɓi katakon, gilashin kuma zai koma taga. Ba a karɓar gaisuwa daga masu zane. Salwa tana iya zuwa, amma ta yi shiru, ta iya.

Masu son yin addu'a su yi wa mai teburin. Duk sanda ta gama zane takan kira ni in zo in gani, ni kuwa in ce ƙarar fitilar nan tana hana ni karatu. Ranar da ta fara na rigata ma haka na ce mata, ta kashe.

Kulsum, bar ta a kunne. Ga ni nan zuwa.