Rasuwar Bidiyon Zauren Malam Zailani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki mako bakwai ke nan, Malam Zailani mai hatsi na garin Kiru, shi da iyalinsa da duk masu zama a zaurensa ranar Juma'a, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kiru da Bebeji da Tudun Wada, har can Riruwai, rasuwar bidiyonsu. Ya cika ne wata Juma'a bayan la'asar, a tsakiyar daminar bana ta 1997, bayan shekara goma sha ɗaya yana hidima. An yi jinkirin sanarwa ne saboda mai gidan ya ƙi yarda da abin da kowa ya gani. Sau uku yana ɗaure shi a bayan babur zuwa wurin Bala mai gyaran rediyo a Bebeji, sai a na ukun Bala ya ajiye sukundireba ya ce masa ya yi haƙuri.

Marigayin haifaffen ƙasar Japan ne. Ya iso Kiru a shekarar 1986 daga Kano, a kan cinyar mai gida cikin motar haya, domin Malam Zailani ya rantse ba za a jefa shi baya tare da buhunan albasa ba. Tun ranar aka ba shi wuri a kan tebur a kusurwar zaure, bai kuma taɓa neman a canza masa ba.

Duk wanda ya zauna da shi zai ba da shaidar ba shi da yawan magana. In aka miƙa masa kaset, sai ya karɓa da ladabi ya ce “ƙwas, ƙirrr,” shi ke nan. In aka ce ya koma baya, sai ya ce “shuuu” ya koma, ko sau goma ne, ba ƙorafi. Bai san babba da ƙarami ba. Yadda yake nuna wa mai unguwa hoto, haka yake nuna wa Sale Bafulatani, wanda ke barin shanunsa a hannun ƙannensa ya zo ya ga shanun Indiya suna kwance a tsakiyar titi ba mai ce musu kanzil. Ranar Asabar da hantsi kuma a kai shi cikin gida, Baturiya matar mai gida ta tara maƙwabta, ya yi musu aiki suna yi masa fifita da mafici.

Abincinsa guda ɗaya ne, tsofaffin finafinan Indiya na ban dariya, har da marasa kala. Masu duka da harbi da tashin mota sama ba sa shiga cikinsa, don mai gida ba ya sayen su. Samari sun yi ta tsegumi, wai zauren Malam Zailani zauren tsofaffi ne, fim ɗaya sai an kalle shi sau ashirin. Gaskiya suka faɗa, amma ba su san me ake gani a kallo na ashirin ba. A shekarar farko dai kowa dariyar faɗuwa yake yi: wani ya taka ɓawon ayaba, wani rawaninsa ya kwance a gaban surukai. Da aka yi ta maimaitawa sai ido ya fara tsayawa a wasu wurare. Aka lura wawan fim ɗin, wanda ake zuwa don a yi masa dariya, shi ne kullum yake cin abinci a tsaye bayan kowa ya ƙoshi. Shi ake aike, shi ake mari, shi kuma ke fara lura in wani ya kwana da yunwa. Malam Zailani yakan ce wanda ya tsara waɗannan finafinai ya san talauci ya san kunya, ya kuma san mutum yakan yi wasa da kansa tun kafin a yi wasa da shi. Akwai ranar da aka ga Sale yana goge ido da gefen rawaninsa alhali bakinsa a buɗe yake yana dariya.

To amma babban aikin marigayin, wanda saboda shi ake wannan rubutu, ba nuna hoto ba ne. Malam Zailani yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Shitu tela, mai shago a bakin kasuwa. Shekara huɗu kafin zuwan marigayin, Malam Zailani ya sare ɗorawar da mahaifinsu ya dasa a iyakar gonakinsu, wai inuwarta na hana dawarsa tashi, bai kuma shawarci yayansa ba. Daga ranar Malam Shitu ya ɗauke masa magana. Liman ya yi, dattawan unguwa sun yi, Baturiya ta yi aike har ƙafarta ta gaji, a banza.

Sai ga bidiyo ya zo, kuma duk faɗin Kiru ba mai jin Indiyanci. Aka tuna Malam Shitu ya taɓa yin ɗinki shekara biyu a Kano kusa da shagon wani Ba'indiye mai yadi. 'Yan kallo suka je suka tasa shi a gaba. Allah ya sani, kalmomin da ya kwaso ba su kai ashirin ba, ruwa, zo, tafi, a'a, da wani zagi guda ɗaya. Sauran kuwa da fuskar mutane yake karantawa, ya cika da abin da ke ransa. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa kusa da takalma, ya ba ƙanensa baya, ya fara fassara wa zaure.

Malam Zailani bai iya haƙuri ba. Ana cikin kallo sai ya dubi bango ya ce, “A gaya wa mai fassara, wannan ba kawunsa ba ne, mai gidan haya ne.”

Malam Shitu ya dubi talabijin ya ce, “A gaya wa mai gida, mai gidan haya ba ya kuka in ɗan haya zai tashi.”

Haka aka fara, haka kuma aka yi shekara goma sha ɗaya. Ba su taɓa gaisawa ba, ba su taɓa haɗa ido ba, amma kowace Juma'a daga la'asar zuwa kiran magariba suna musu a kan wane ne uban wa, wace ce ta yi gaskiya, me ya sa wawan ya yi shiru a nan. Da wannan musu Malam Zailani yake sanin yayansa yana nan lafiya. In muryar ta dishe, washegari sai a ga Baturiya ta nufi bakin kasuwa da kwalbar zuma.

Akwai wani kaset da zaure ya laƙaba wa suna Mai Rabin Keke. Wa da ƙane ne suka gaji keke guda, suka kasa shiryawa, aka raba musu shi da zarto: babba ya ɗauki gaba da kai, ƙarami ya ɗauki baya da feda. Kowa ya saɓa rabinsa a kafaɗa yana yawo cikin birni yana cika baki, ga rana, ga karnuka na bin su. Dariya har mutane su kwanta a tabarma. Amma akwai wurin da babban yake samun rabin ƙanensa a jingine jikin shago, ya duba hagu da dama, ya durƙusa ya busa masa iska a taya, tayar da ba inda za ta je, ya gudu kafin a gan shi. A nan kullum Malam Shitu yake daina fassara, Malam Zailani kuma ba ya gyara masa komai. 'Yan zaure sun san da haka, kowa sai ya mai da hankali kan gyaɗarsa.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne da farkon damina. Hoto ya riƙa rawa, wasu layuka suna hawa suna sauka. Sai ya fara riƙe kaset a ciki, sai an lallaɓa shi da bayan cokali. Daga baya wani kuka ya fito masa, “ƙiiƙ, ƙiiƙ,” siriri mai shiga haƙori. Malam Zailani ya ce bari a gama noma na biyu a kai shi Bebeji. Kaico, da ya sani da ya bar ciyawa ta cinye gonar.

Domin kuwa akwai kunnen da ya san irin wannan kuka. Shekara talatin Malam Shitu yana taka keken ɗinki, kuma a wurinsa ƙarfen da ke cewa “ƙiiƙ” ƙishirwa yake ji. Wata Laraba da hantsi, mai gida yana gona, ya yi sallama a ƙofar gidan da rabonsa da shiga in ba Juma'a ba shekara goma sha biyar. Baturiya ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce ta buɗe masa zaure, kada kuma ta gaya wa mijinta. Ya fito da ɗan gwangwanin man kekensa mai dogon baki, ya ɗaga murfin da ake saka kaset, ya ɗiga wa kowane abu mai juyawa. Da ya ga wani ƙarfe mai sheƙi kamar gindin sabon kwano, ya ce wannan shi ne zuciyar, ya ninka masa. Ya goge tebur da gefen rigarsa ya tafi.

Ranar Juma'a zaure ya cika, aka tayar da janareto, aka miƙa wa marigayin kaset. Ya karɓa shiru, ba “ƙiiƙ” ko ɗaya, har Malam Shitu ya gyara zama. Hoto ya fito kamar ana kallo ta cikin ruwan koko. Can sai wari ya tashi, zaren kaset ya nannaɗe a ciki, marigayin ya ce “ƙurrr, tuk.” Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Malam Zailani ya sa yatsa a bakin murfin, ya fito da shi yana maiƙo, ya shinshina. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon bakin kasuwa ya san wannan ƙamshi. Sai ya waiwaya, karo na farko cikin shekarun nan, ya dubi yayansa. Malam Shitu ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.

Bai sake dawowa ba. A Juma'a ta uku Malam Zailani ya aro bidiyon wani malamin makaranta, ya sa aka baza labari a kasuwa. Zaure ya cika, bakin ƙofa babu kowa. Aka kalli fim ɗin ba fassara ba musu, mutane suka yi dariyar faɗuwa suka watse. Baturiya ta je wurin Malam Shitu, ya ce mata idonsa ke ciwo. Liman ya je, ya ce aiki ya yi masa yawa. Yanzu ko a masallaci sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya fice. Malam Zailani ya gaji, wallahi ya gaji. Ya rame, awon hatsi ma sai ya yi kuskure mai saye ya gyara masa. Yana tsoron kada wannan karon ya zama ko muryar ma ba zai ƙara ji ba, ga su duka sun haura sittin.

Saboda haka iyalai suna so a sani, kuma a rubuce: ba wanda ake zargi da wannan rasuwa. Bala da bakinsa ya ce ko ba mai, marigayin ba zai ga kaka ba, ƙarfen nan mai sheƙi ya riga ya cinye. Mai gida kuma ya ce shi da ya ɗauki gatari ya shiga gona ba shawara, ba shi da bakin tuhumar wanda ya zo da mai don ya ji abu yana kuka.

Marigayin ya rasu ya bar uwargidansa Talabijin, wadda tun ranar ba abin da take nunawa sai yayyafi. Ya bar ƙanensa Janareto, mai fama da tari. Ya bar 'ya'ya arba'in da uku, wato kaset-kaset ɗinsa, a cikin kwali ƙarƙashin tebur, ban da na arba'in da huɗu da ya tafi da shi a ciki, wanda Bala ya ciro gunduwa-gunduwa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Liman, ya ce kada ya kuskura ya ji an ambaci salla ko makara, kuma an ji. Za a mayar da marigayin cikin kwalinsa a ɗora a kan rumbu ranar Juma'a mai zuwa da hantsi. Daga nan za a yi zaman makoki a zauren gidan kwana uku, daga safe zuwa magariba. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo hatsi ko kunu, Baturiya ta jiƙa gero.

Malam Zailani ya san ana dariya a kasuwa, wai hatsi ya hau masa kai, zai karɓi gaisuwar ƙarfe. A yi ta yi. Shi dai ya san a garin nan, ko gaba kake yi da mutum, ko shekara nawa ba ku magana, in aka shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gidansa dole ka cire takalmi ka durƙusa a gabansa ka ce ya haƙuri, shi kuma dole ya amsa maka. Malam Shitu bai taɓa tsallake tabarmar makoki ba a rayuwarsa. In kwana uku ba su isa ba, za a yi bakwai. In bakwai ba su isa ba, mai gida ya ce yana nan zaune har arba'in, ko da gona za ta zama daji.

Ana roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in hanyarsa ta bi ta gaban shagon ɗinki na bakin kasuwa, ya tsaya ya jira keke ya yi shiru, sannan ya karanta layin ƙarshen nan da ƙarfi, yadda mai shi ya faɗe shi:

“Yaya, an yi mini rasuwa. Ina zaure.”