Tayoyi Huɗu da Farin Leshin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da rabin layinmu na unguwar New Bell ya taru a ƙofar gidanmu don a yi mini addu'ar tafiya, aka ƙare da yi mini dariya. Ni na jawo wa kaina. Gara in ba ku labarin da bakina, don in na yi shiru Gwaggo Asabe za ta ba ku, kuma nata ya fi nawa gishiri.

Babana ɗan kasuwa ne. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, mu a nan kat-kat muke ce mata. Shekara da shekaru yana loda mata atamfa da takalman roba daga babbar kasuwa, Marché Central, ya kai Bamenda. Da rikicin yankin masu Turanci, inda Bamenda take, ya yi zafi, hanyar ta zama sai wanda ya gaji da ransa, sai ya juya akala zuwa Banyo, garin kakanninmu. Wanda bai san hanyar Banyo ba, ga ta a taƙaice: kwalta za ta raka ka har ka wuce Fumban, sannan ta yi maka sallama. Daga nan sai jar ƙasa, da duwatsu masu kaifi, da taɓon da ke riƙe babbar mota kwana biyu in damina ta zauna.

Ana cikin haka idon Baba ya fara yana. Likita ya ce tuƙin nesa ya haramta gare shi sai an yi aiki. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce babba, ni kaɗai ke da lasisin tuƙi. Na gama lise, wato sakandare, ina zaune, aikin ofis babu labari. Sai na same shi na ce, "Baba, ka ba ni makullin kawai."

Ya ce, "Uwata," (haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa na ci) "tuƙi kin iya, ban musa ba. Amma hanyar Banyo ba sitiyari ke bin ta ba, taya ce. Je ki wurin Kawunki Sale ki zaɓo wa motar nan huɗu. In na ga kin san abin da za ki ɗora ranmu a kai, makulli naki ne, ni in zauna a gefe ina jan carbi. In ba haka ba, in ɗauki direba."

Direba! Dama abin da abokansa na masallaci ke ta hura masa ke nan, musamman wani Alhaji Bala mai shagon barguna, wanda ya ce mace ko kan kwaltar unguwar Akwa a nan cikin gari da ƙyar take, balle dajin Banyo. Na rantse a raina sai na sa shi ya haɗiye maganarsa.

Kawu Sale ba kawuna na jini ba ne, abokin Baba ne tun suna samari. Tayoyin okaziyo yake sayarwa a bakin unguwar Kam Yabasi, wato waɗanda Turawa suka ɗan taka suka turo mana. Mutumin kirki ne, amma wallahi ko hawainiya ta fi shi sauri. Ranar Litinin na je. Gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan rabin awa: ina Alhaji, ya idon, ina Hajiya, ya ƙannenki, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya sa aka kawo mini shayi. Ya tambaye ni nauyin kayan da za mu ɗauka, da mutum nawa, da ko an fara ruwa a can. Sannan ya shige ƙuryar shago ya daɗe, har na ɗauka barci ya yi. Ya fito yana mirgino wasu munanan tayoyi masu ƙura, masu kaurin gefe, haƙoransu manya kamar na jaki.

Na ƙirga. "Kawu, uku ne."

"Uku ne. 'Yar'uwarsu tana zuwa ranar Alhamis."

"To ba ga wata can ba? A cika da ita mana."

Ya girgiza kai. "'Yata, motar Alhaji da ƙafa huɗu take ja. In ɗaya ta fi sauran tsawo ko da ɗan yatsa ne, cikin motar ne zai sha wahala. Kin taɓa zuwa kasuwa da takalmi mai tsini a dama, silifa a hagu?"

Ni kuwa na riga na shelanta wa duniya ranar Laraba za mu tashi. (Babu wanda ya sa ni. Baba bai tsayar da rana ba, ni na tsayar masa.) Sai na miƙe na ce, "Kawu, taya na zo saya, ba wa'azi na zo ji ba." Na bar masa shayinsa ko kurɓa ban yi ba. Eh, na sani. Ku zage ni, na cancanta.

Ban yi taku hamsin ba wani matashi mai baƙin tabarau ya tare ni. "Madame! Ma sœur! Kat-kat ce? Zo ki ga kaya, jiya-jiya aka sauke su daga jirgi." Ya jera mini guda huɗu a rana, baƙaƙe wuluk, suna sheƙi kamar an yi musu wankan amarci. Ramin zanensu kuwa, ɗan yatsana har gaɓa ya shige. Na zagaye su ina ɗaure fuska, na shuri kowacce da ƙafa. (Har yau ban san abin da mutane ke nema in sun shuri taya ba, amma duka huɗun na shura.) Ya ce bai taɓa ganin mace ta san taya kamata ba. Kafin la'asar an ɗaura su, ya kwashe tsofaffin namu ya ce zai taimaka ya zubar mana.

Da na dawo gida Baba ya leƙo daga zaure, ya ƙanƙance ido. "Na ga suna walƙiya. Sale ne ya ba ki?"

Na ce, "Daga Kam Yabasi suke, Baba." Ƙarya ban yi ba, gaskiya ma ban faɗa ba.

A unguwarmu, duk wanda zai tafi Banyo ya zama gidan waya. Tun da hantsin Laraba ake ta kawo saƙo: wannan ƙullin sabulu na kakarsa, waccan busasshen kifi na surukarta, wani har da fanka. An yi yayyafi da asuba, ko'ina a jiƙe. Mata sun cika ƙofar gida, Alhaji Bala da mutanensa suna gefe sun harɗe hannu, an kira liman ya yi mana addu'a. Ni kuwa ina ta kai da komo da makulli a yatsa ina kaɗa shi, duk wanda ya dubi tayoyin in ce, "Ni na zaɓo su."

Gwaggo Asabe yayar Baba ce, za ta bi mu ne zuwa sunan jikarta. Ta ci ado cikin farin leshi, sabo fil, wanda ta yi wata guda tana ba mu labarin telansa. Da jira ya ishe ta, sai ta jawo wani kwali ta zauna a gindin mota, ta jingina bayanta da tayar baya.

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Gwaggo ta miƙe don ta matso kusa. Sai na ji wata maƙwabciyarmu ta yi wani irin tari. Wata ta toshe baki da mayafi. Na waiga. A gadon bayan Gwaggo, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ga baƙin rabin da'ira ya fito raɗau, har da haruffan jikin taya a juye, kamar an buga mata hatimin kwastan.

"Me ne ne? Me kuke kallo?" Tana juyi tana neman bayanta, kowa na ƙara gani.

Daidai nan Kawu Sale ya iso da ƙullin magani da zai aika wa ƙanwarsa. Ya dubi bayan Gwaggo, ya dubi taya, ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya shafa, ya shinshina yatsa. "Man goge takalmi ne," in ji shi. Sannan ya zaro tsinken ashana ya bi cikin ramin zanen nan da nake taƙama da shi, ya kankare kaɗan. Wani abu ya yi ƙyalli.

"Alhaji, matso ka taɓa. Waya ce. Tayar nan ta suɗe tun a Turai. Wuƙa aka gasa a wuta aka tsaga mata sabon zane har aka kai ga ƙashi. Wannan ba aikin kamfani ba ne, wanzami ne ya yi mata tsaga." Ya bi sauran ukun yana karanta jikinsu. "Kuma ba uwarsu ɗaya ba. Ta gaban nan ma ta fi sauran tsawo. Duwatsun Mayo Darle can kusa da Banyo ba za su gan su ba, in kun kai ko Nkongsamba da ke farkon hanya lafiya ku yi sadaka."

Hannun liman na nan a sama, ya manta bai shafa ba.

Baba ya juyo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Uwata, ba Sale ne ya ba ki ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar New Bell ruwa ne a ƙarƙashinta. Na ce, "Ba shi ba ne, Baba. Ya ce in jira Alhamis, na ƙi, na yi masa rashin kunya, na je wani ya kira ni madam na saya."

Dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle. Gwaggo tana cewa, "'Yar nema, ni kika yi wa lalle da taya? A haka zan je sunan?" Alhaji Bala ya gyara murya, "To, Alhaji, ai mun faɗa. A nemo direba tun ba a yi gawa ba."

Na miƙa wa Baba makulli. Ban ga abin da ya rage ba.

Kawu Sale ya miƙe yana goge yatsa. "Bala, kai ne da wannan magana? Wa na je na kwaso a hanyar Edea da irin wannan tayar, tana fashe, kana zaune kan barguna? Sau biyu fa." Ya dubi Baba. "Duk wanda ya san taya a garin nan, sai da aka cuce shi ya sani. Ita ta biya kuɗin makarantarta a ƙofar gida, ba a daji ba. Kuma ka ji ta, ba ta ɗora wa kowa ba."

Baba ya juya makullin a hannunsa. Sannan ya ce, "A sauke kaya. Gobe Alhamis. Za ki zauna a bencin Sale har sai ya ce kin iya, ko da zai kai ki Sallah." Ya mayar mini da shi a tafin hannu.

Wuni biyu na yi a bencin nan. Na koyi leƙa cikin taya in nemi faci, da matsa gefenta in ji ko zai jure dutse, da karanta 'yan lambobin da ke faɗin shekarar da aka yi ta. Na koyi cewa zanen gaskiya gefensa sumul yake, na wuƙa kuwa yana karkacewa kamar rubutun ɗan aji ɗaya. ('Yan kunnena na zinariya su suka san yadda aka yi aka sayi tayoyi karo na biyu, ba ma wannan zancen a gida.) Ranar Asabar muka tashi a kan munanan tayoyin Kawu. Taɓo ya riƙe mu sau ɗaya, muka fita, ko faci ba mu yi ba har Banyo. Yanzu tafiyata ta tara ke nan, kuma ana shirin yi wa Baba aikin idonsa.

Mai baƙin tabarau kuwa, da na mayar masa da kayansa cewa ya yi bai taɓa ganina ba. Baba ya ce ba za a zubar ba, ya sa aka ɗora su a kan rufin gidanmu su danne kwano saboda iska. Suna nan har yau, daga bakin titi ana hango su, har masu babur in za su yi kwatance sai su ce gidan mai taya huɗu.

Don haka ga shawarata, 'yar'uwa: in gaggawa ta ce lallai sai kin yi wauta, ki roƙe ta ta zaɓa miki ƙarama, wadda za ta shiga jaka ki ja zif. Tawa guda huɗu ce, kowacce sai mutum biyu suka ɗaga ta.