Ranar da Idon Kotu Ya Hau Rufi

In ana lissafin manyan mutane, a fara da Idon Kotu, a ɗan huta, sannan a kawo sauran. Aikinsa dai shi ne, in za a yi gwanjon gidan wanda bashi ya ci, ya tsaya ya ga an yi daidai, ya koma ya gaya wa alƙali. Amma a tafiyarsa sai ka rantse shi ya haifi alƙalin.

Ranar gwanjon gidan wani tela, masu saye suka cika tsakar gida, lauyan banki na gefe yana murmushi. Kotu ta riga ta yanke: in tayi ya kai kuɗin da ta ƙayyade, tela da tsohuwarsa su kwashe kaya, in bai kai ba, babu ciniki. Tela na jingine da keken ɗinkinsa.

Tayi ya fara hawa, sai Idon Kotu ya lura ba mai kallonsa. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kotu ba ta sayar da abin da ba ta duba ba. Ni kuwa ina ganin abin da injiniya ba ya gani."

Ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne, ya ce bangon nan yana da ciwon ciki. Ya leƙa banɗaki, ya fito yana salati. Masu saye suka fara kallon juna.

"Ranka ya daɗe, ai ya isa haka," in ji lauya.

"Kai ne ido ko ni? A kawo tsani!"

Ya hau rufi da kwat ɗinsa. Yana sama yana jawabi a kan martabar shari'a, yana buga ƙafa don a ji ƙarfin kwano, sai kwano ya ba shi amsa. Ya nutse har ƙugu. Rabinsa na sama yana ihun a kira alƙali, rabinsa na ƙasa yana lilo a ɗakin tsohuwa.

Kafin a samo igiya masu saye sun watse. Wa zai sayi gidan da ke haɗiye ma'aikaci? Tayi bai kai ba, gwanjo ya tashi, lauya ya fita ko sallama babu.

Tsohuwa ta shiga ɗakinta, ta ɗaga kai ta yi wa ƙafafun magana.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Lauyan da muka ɗauka bai yi mana rabin wannan ba. In an sake sa rana, don Allah ka ce kai za su turo."